Kogi ya daskare, me kuma ya kawo ambaliya?

"Salamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe, ina karanta injiniyancin gine-gine da hanyoyi. Na ga wani bidiyo daga Kanada: guma-guman ƙanƙara sun hau kan titi, ruwa ya shiga gidaje, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Ni a tunanina idan kogi ya daskare ai ya kwanta ke nan sai an kwana biyu. Ta yaya ƙanƙara ke kawo ambaliya har ta karya gada? Me ya hana su tarwatsa ta da bam tun kafin ta yi ɓarna? Kuma da duniya ke ƙara ɗumama, matsalar ba za ta kau da kanta ba? Ina so in san ko akwai ci gaba na gaske a wannan fanni."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar kammalawa. Idan na fahimce ka, so kake ka ji dalilin da ya sa kogin da ya sandare ke yin ɓarnar da kogin da ke gudu bai yi ba, da kuma iyakar abin da injiniyoyi suka iya a kai. Rabin tunaninka daidai ne. Kogin da ƙanƙara ta rufe ruf, ta yi kauri, ta zauna daram daga gaɓa zuwa gaɓa, shi ne wanda ya fi ba mu kwanciyar hankali a duk tsawon hunturu. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Fitinar tana lokuta biyu ne: makonnin da kogin ke ƙoƙarin rufewa, da kwanakin da ƙanƙarar ke ɓallewa ta kama hanya. Kusan duk dabarar da sana'armu ta tara, a kan abu ɗaya take: yadda za a sa murfin ya kafu da wuri, ya zauna inda yake, ya kuma tashi sannu a hankali.

Ka riƙe wannan tun daga farko: babban kogi ba ya daskarewa har gindi. Ƙanƙara ta fi ruwa rashin nauyi, kilo 917 ne a kowace mita kubik (tsawo, faɗi da zurfi mita ɗaya-ɗaya) inda ruwa ke da kilo 1,000, don haka a sama take iyo, ruwa na ci gaba da gudu a ƙarƙashinta.

Kafin kogi ya rufe

Tafki da kogi ba iri ɗaya suke daskarewa ba. A tafki ruwa a kwance yake, samansa ya huce ya kai sifili, ƙanƙara ta shimfiɗu, shi ke nan. Kogi kuwa juya ruwansa yake yi sama da ƙasa ba hutawa, saboda haka sai duk ruwan ya huce tare. A daren da sararin sama ya yi garau, iska na kaɗawa, sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, ruwan kan sauka ƙasa da sifili da ɗan abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba, kuma bai daskare ba. A wannan hali ne ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara ke tsirowa a cikin ruwan kansa, faɗinsu milimita ɗaya ko biyu, miliyoyi a lokaci guda. Su ake kira firazil, wato garin ƙanƙara. Muddin ruwan na ƙasa da sifili, garin nan manne wa komai yake yi: dutse, ƙarfe, igiya, har junansa.

Akwai wani ƙaramin gari da na yi wa aiki, bututun ruwan shansa yana cikin kogi, ƙasa da wani wuri mai duwatsu da ruwa ke gudu da ƙarfi, wanda ba ya rufewa da wuri. Da asuba famfunan suka fara shan iska. Ka tsaya a gaɓa ka duba, kogi a buɗe yake, baƙi ƙirin, sai tururi ke tashi a kansa, ba ka ganin abin da za ka zarga. Da aka zura kyamara, ragar ƙarfen da ke bakin bututun ba a ganinta sam. Sandunan sun yi ta kumbura da farar ƙanƙara mai laushi har suka haɗe, suka zama dunƙule ɗaya. Da hantsi ya yi, ruwan ya ɗan ɗumama da abin da ma'aunin zafi na gida ba zai ma nuna ba, sai dunƙulen ya saki da kansa. A daidai lokacin kuma ƙanƙarar da ta kwana manne da duwatsun gindin kogi ta riƙa tasowa sama, ruwan toka, ɗauke da tsakuwa da yashi a jikinta, tana wucewa ta gabanmu.

Maganin irin wannan, a ƙaramin wuri, ba shi da wuya. Ana ɗumama sandunan ragar da lantarki, ko a sako ruwan ɗumi a bakin bututun, ko a faɗaɗa bakin don ruwa ya shiga a hankali. Ba tafasa ruwan ake so ba, ɗaga shi sama da sifili kawai. Amma yi lissafin da kanka: ɗaga zafin lita 1,000 a kowace daƙiƙa da kashi ɗaya cikin goma na digiri yana cin wajen kilowat 420. Gari zai iya biya. Tashar lantarki da ke shan lita miliyoyi a daƙiƙa ba za ta iya ba.

Shi ya sa manyan tashoshi suka koma ga dabarar da na fi so a duk fannin nan: a rufe kogin da gangan. Da zarar murfi ya kafu, ruwan ya daina haɗuwa da iska mai sanyi, masana'antar garin ƙanƙara ta mutu. An gano cewa idan gudun ruwa a sama bai wuce wajen mita 0.6 zuwa 0.7 a daƙiƙa ba, faya-fayan ƙanƙarar da ke iyo sukan jeru gefe da gefe su yi murfi mai santsi. Idan gudun ya fi haka, sai su riƙa nutsewa ƙarƙashin bakin murfin suna taruwa. Don haka a kogin St. Lawrence, tsakanin Kanada da Amurka, hukumar da ke lura da ruwan da ake saki daga tafkin Ontario takan rage shi da gangan a kwanakin daskarewa, a yi asarar wuta ta 'yan kwanaki don a tsira da ta hunturu duka. A mafarin kogin Niagara kuma, tun 1964 ake shimfiɗa shinge mai iyo a ƙarshen tafkin Erie, tsawonsa wajen kilomita 2.7. Da katako aka fara, a 1997 aka mayar da shi gangunan ƙarfe da aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe a gindin tafkin. Abin da ke burge ni game da shi shi ne ba a gina shi don ya yi taurin kai ba. Idan guguwa ta turo ƙanƙara da ƙarfin da ya fi ƙarfinsa, nutsewa yake yi ta wuce ta kansa, iska na lafawa ya sake tasowa.

Inda ba a samu murfi ba, wurin mai gudun nan yakan kwashe hunturu yana aiko garin ƙanƙara, shi kuma yana shigewa ƙarƙashin murfin da ke ƙasa, yana taruwa inda ruwa ya yi sanyin gudu, har ya yi tudu a kife wanda kaurinsa kan wuce mita 10. Kogi ya shaƙe ta ciki, ruwa ya hau. Ambaliyar farkon hunturu ko tsakiyarsa ta fi kowacce muni ga mai gida, domin ruwan da ya shigo ba fita zai yi ba. A garin Badger na Newfoundland a Kanada, a Fabrairun 2003, ruwa ya shiga gari sannan ya daskare a inda yake, motoci da gidaje suka kafe a ciki.

Cunkoson da ka gani a bidiyo

Ko murfi mai santsi ma yana ɗaga ruwa. Ka tuna lissafin Manning da aka koya muku, na gudun ruwa a kogi: ruwan da dā ke goga gindin kogi kawai, yanzu yana goga gindi da rufi. Idan kaushin biyun ɗaya ne, zurfin da ake buƙata don wucewar ruwa iri ɗaya yakan ƙaru da wajen kashi 30 cikin ɗari. Wannan kogi ya saba da shi, gaɓarsa na ɗauka.

Ƙarshen hunturu kuwa hanya biyu yake zuwa. Wata shekarar rana ce ke cin ƙanƙarar a hankali, ta ruɓe a inda take, ta narke ba tare da kowa ya ji labari ba. Wata shekarar kuma dusar ƙanƙara ta yi yawa, sanyi ya daɗe, sai ɗumi ya zo bagatatan ko ruwan sama ya sauka. Ruwa ya ƙaru a kogi alhali murfin na nan da ƙarfinsa da kaurinsa. Ruwan ya ɗaga shi, ya raba shi da gaɓa, ya kakkarya shi, ya tura tarkacen gaba. Tarkacen nan na tafiya har sai ya ci karo da abin da zai tsayar da shi: kwana mai tsanani, tsibiri, ƙafafun gada, mahaɗar koguna, wurin da gangara ta ragu, ko kuma murfin da bai riga ya motsa ba. Nan gutsattsarin za su hau kan juna, su shige ƙarƙashin juna, su yi kauri na mitoci, ƙasansu kuma kaushi ne zalla. Duk wanda ya san yadda kachalla ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru, ruwa ya bar hanyarsa ya bi gonaki ba don ya fi na bara yawa ba, ya riga ya san rabin labarin. Bambancin shi ne wannan toshewar cikin sa'o'i take kafuwa.

Kogunan da ke gudu daga kudu zuwa arewa su suka fi shan wahala, domin kansu ne ke fara narkewa alhali bakinsu na daskare: Mackenzie da Athabasca da Red a Kanada, Ob da Yenisei da Lena a Saberiya, da ɓangaren Rawayen Kogi na Sin da ya miƙe arewa ta Ningxia zuwa Mongoliya ta Gida. Garin Fort McMurray na lardin Alberta a Kanada misali ne da ake koyarwa a aji. Athabasca yana sauko wa garin da gudu ta kan duwatsu, yana isowa sai gangara ta kwanta, kogin ya faɗaɗa ya cika da tsibirai, ga kuma kogin Clearwater na shigowa a nan. A ƙarshen Afrilun 2020 cunkoso mai tsawon wajen kilomita 25 ya kafu, ruwa ya koma da baya ta Clearwater ya shiga tsakiyar gari, aka kwashe mutum kusan 13,000, gine-gine fiye da 1,200 suka lalace. A Lensk na Rasha, a Mayun 2001, ruwan Lena ya kai wajen mita 20 a ma'auni, ya ci kusan garin duka.

Sakin cunkoson ma wata masifar ce. Ruwan da ya taru a bayansa kan fita gaba ɗaya, igiyar ruwa da ƙanƙara ta gangara da gudu, matakin ruwa a ƙasa ya hau mitoci cikin ƙasa da sa'a guda. Doka ta farko da ake koya wa sabon ma'aikaci ita ce kada ya sauka gaɓa ƙasa da cunkoso, kuma ya ajiye mota tana kallon hanyar fita.

Ga darasin da ya fi shafar ka a matsayin mai zane. An koya maka ka ɗauki tarihin yawan ruwa, ka fitar da ambaliyar shekara ɗari, wato wadda a ƙiyasi kan zo sau ɗaya a shekara ɗari, ka mayar da ita tsayi. A kogin ƙanƙara wannan hanya yaudara ce. Tsayin ruwa mafi girma a tarihin garuruwa da yawa na arewa ya zo ne da ruwan da a lokacin zafi ko gaɓa ba zai cika ba. Ga shi kuma na'urar auna tsayin ruwa sau da yawa ita ce farkon abin da ƙanƙara ke tsinkewa, sai shekarar da ta fi muhimmanci ta zama ita ce babu ita a rajista. Shi ya sa muke bin gaɓa da ƙafa muna neman tabon da ƙanƙara ta bari a jikin itatuwa. Takan saɓule ɓawon ta gefen da ke kallon kogi, itacen ya warke ya rufe tabon, idan aka ƙirga zoben da ya yi bayan raunin a san shekarar, a kuma auna tsayin. Sai a haɗa da tsofaffin hotuna, da littattafan 'yan kasuwar fatu na ƙarni na 19, da abin da dattawan ƙabilun asali na yankin ke tunawa. Injiniyan da ya raina zama da dattawan nan, zanensa zai zo a gajarce.

Batun bam

Ana yi, kuma an daɗe ana yi. Jiragen yaƙin Rasha sun jefa bama-bamai a kan Lena a 2001, sojojin Sin ma sukan yi amfani da jirage da manyan bindigogi a Rawayen Kogi. Amma ni ra'ayina, yawancin bam ɗin da ake jefa wa cunkoson da ya riga ya kafu, hankalin jama'a yake kwantarwa fiye da yadda yake sauke ruwa. Cunkoso tarkace ne tun asali. Ka fasa tarkace, ka sami tarkace. Fashewa tana amfani ne kawai idan akwai buɗaɗɗen ruwa a ƙasa da zai kwashe abin da aka fasa, kuma aka sami daidai ƙafar cunkoson, wato ƙarshensa na ƙasa, wadda sau da yawa ta kafe a gindin kogi. Idan kuma aka yi nasara, ka aika wa garin da ke ƙasa igiyar ruwan da na ambata. Ban da kifin da ake kashewa.

Abin da ke aiki shi ne raunana murfin tun kafin ruwa ya taso, a fara daga ƙasa a yi sama. Birnin Ottawa ya fi shekara 100 yana yin haka a kogin Rideau: a yanka dogayen tsagogi da zarto, a fasa da nakiya, gutsattsarin su faɗa ta magangarar Rideau zuwa kogin Ottawa. A lardin Manitoba na Kanada, arewa da garin Selkirk, kowace shekara ana yanka ƙanƙarar kogin Red na fiye da kilomita 20, sannan katafila mai iyo da ake kira Amphibex ta hau kanta ta karya ta da nauyinta. A Quebec jiragen da ke tafiya a kan matashin iska ne ke buɗe bakin ƙananan koguna. A Rasha da Alaska an yi ta barbaɗa baƙar ƙasa ko garin gawayi a kan ƙanƙara don ta sha rana. Masu madatsa kuma da famfo suke wasa: a Rawayen Kogi, madatsar Liujiaxia takan saki ruwa isasshe lokacin daskarewa don murfin ya kafu a sama ya bar sarari a ƙarƙashinsa, ta kuma rage ruwa lokacin ɓallewa.

A ƙananan koguna akwai wata dabara mai sauƙin kuɗi: tunda cunkoso sai ya kafu, a zaɓa masa wuri. A jera ginshiƙai a faɗin kogi sama da gari, kusa da fadamar da babu kowa, ƙanƙara ta tsaya a nan, ruwa ya zagaya ta fadamar ya dawo. An yi haka a Amurka, a garin Hardwick na jihar Vermont a 1994, da kuma rafin Cazenovia kusa da birnin Buffalo.

Gada, madatsa, da hanyar kan ƙanƙara

Ƙanƙara tana da wuyar murƙushewa, amma tana da sauƙin karyewa idan aka lanƙwasa ta. Saboda haka ake karkatar da hancin ƙafar gada, faifan ƙanƙara ya hau kansa ya karye da nauyinsa maimakon ya daki bango a miƙe. Ƙa'idar gadoji ta Kanada tana ba da ƙarfin ƙanƙara daga kilofaskal 400 (ma'aunin matsi ne), ga wadda ta ruɓe, zuwa 1,500 ga wadda ta motsa tana da sanyinta. Ƙafa mai faɗin mita 2 a miƙe, ƙanƙara mai kaurin santimita 80, a kilofaskal 1,100, za ta sha turi na wajen tan 300. Wannan ɓangaren an iya shi sosai. Abin da ke kayar da gada yanzu ya fi zama tarin da ya hau har ya taɓa shimfiɗar gadar, ko ruwan da ya matse ƙarƙashin cunkoso ya ƙwaƙule ƙasar gindin ƙafa. Gadar Honeymoon ta Niagara ta faɗi ranar 27 ga Janairun 1938 saboda ƙafafunta na dab da ruwa, tarin ƙanƙara ya ture su. Wadda ta gaje ta, gadar Rainbow, an ɗaga ƙafafunta sama. Madatsar Spencer a jihar Nebraska ta Amurka ta karye a Maris ɗin 2019 da tarin ƙanƙara ya toshe ƙofofinta, mutum ɗaya ya rasu. Binciken da aka yi bayan nan ya nuna ƙanƙara ta taɓa karya ta a 1935, ta kuma yi mata rauni a 1960 da 1966, amma wannan tarihi bai shiga lissafin haɗarinta ba.

A arewa mai nisa kuma ƙanƙarar ita ce gadar. Lissafi biyu ke riƙe da wannan aiki. Na farko na kauri ne, wanda ya samo asali daga Josef Stefan: ka tara digirin sanyi na kowace rana, ka nemo lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da jimlar, ka ninka da wajen 1.5 ga kogi mai dusar ƙanƙara a kai. Kwana 60 a digiri 15 ƙasa da sifili jimlarsu 900, tushenta 30, kauri wajen santimita 45 ke nan. Na biyu na Lorne Gold ne na Kanada, daga 1971: nauyi a kilo daidai yake da kauri a santimita ninki kansa, sau wata lamba tsakanin 3.5 da 7 gwargwadon tsananin sa ido. Da lamba 4, mita ɗaya na ƙanƙara garau na ɗaukar tan 40. Farar ƙanƙara mai kumfa rabin ƙarfi ake ba ta. Ana share dusa daga kan hanya don sanyi ya ratsa, a huda a jawo ruwa a malala a kai don ta ƙara kauri. Direba kuma dole ya tafi a hankali, domin mota mai nauyi tana tura igiyar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar, idan ya yi gudu igiyar kan fasa ta, musamman dab da gaɓa. A kogi kauri ba ya zama ɗaya, ruwa na cin ƙasan murfin a inda ya fi gudu, shi ya sa rada da ake ja a bayan mota tana auna kauri a duk tsawon hanya ta ceci rayuka fiye da huda rami nan da can.

Inda aka ci gaba da gaske

A ido aka fi ci gaba. Dā sai an hau ƙaramin jirgi an bi kogi, kuma har yau a Alaska ana yin haka kowace shekara. Yanzu taurarin ɗan'adam masu rada suna gani cikin duhu da gajimare: Sentinel-1 na Turai tun 2014, wanda hotunansa kyauta ne, da taurari uku na RADARSAT da Kanada ta harba a 2019. Tarkacen cunkoso fari fat yake fitowa a hoton saboda kaushinsa, buɗaɗɗen ruwa baƙi. Aibinsu shi ne idan ruwa ya kwanta a kan ƙanƙara, ko dusa ta jiƙe, hoton kan rikice, kuma wannan na faruwa ne a daidai makon da aka fi buƙatarsa. Ƙananan koguna ma sun yi musu siriri. Sai a cike giɓin da kyamarori a gaɓa, da jirage marasa matuƙi, da na'urorin sauti da ake ajiyewa a gindin kogi suna kallon sama suna ƙirga garin ƙanƙara da kaurin murfi, kamar yadda aka yi a kogin Peace na Alberta.

Ta fuskar lissafi, tushen ya kafu ne a shekarun 1960, lokacin da Pariset da Hausser suka ɗauki cunkoso a matsayin tarin ɓarɓashi mai gogayya a tsakaninsa, irin yadda kuke lissafin ƙasa a aji. Spyros Beltaos ya faɗaɗa wannan, Hung Tao Shen a jami'ar Clarkson da Faye Hicks a jami'ar Alberta suka gina manhajojin da ke kwaikwayon kogi da ƙanƙararsa a kwamfuta. Idan ka gaya mini inda cunkoso ya tsaya, da yawan ƙanƙara, da yawan ruwa, zan ba ka tsayin ruwa da kuskure kaɗan. Abin da kimiyyar ba ta iya ba har yau shi ne faɗin ko zai tsaya, a ina, da wace sa'a. Faifai ɗaya da ya gitta a kwana kan yanke hukuncin. Don haka yanzu muke gudanar da manhajar sau ɗaruruwa ko dubbai, kowane karo da wurin tsayawa da kauri daban, mu ba hukumar gari yiwuwa maimakon lamba ɗaya. Shugaban ƙaramar hukuma ba ya son jin "kashi 30 cikin ɗari", so yake a ce masa a kwashe mutane ko a bar su, kuma ban ga laifinsa ba. Manhajojin da ke koyo daga bayanai sun yi kyau wajen tantance hotuna, amma wajen hasashen babbar ambaliya suna fama da ƙarancin misali, tunda gari kan yi shekaru da dama bai ga irinta ba.

Wani abin da aka gane a makare shi ne ba kowane cunkoso ne abokin gaba ba. Tafkunan da ke kan tudu a fadamar Peace da Athabasca ambaliyar ƙanƙara ce babbar hanyar cika su, kuma raguwarta tun bayan gina madatsar Bennett a ƙarshen shekarun 1960 abu ne da masana ke muhawara a kai har yau: nawa ne laifin madatsa, nawa ne na yanayi.

Ɗumamar yanayi

Lokacin ƙanƙara yana gajarta, wannan babu musu. Garin Tornio na Finland na da rajistar ranar ɓallewar koginsa tun 1693, Nenana na Alaska tun 1917, kuma a Nenana ba a taɓa ganin ɓallewa da wuri kamar ta 14 ga Afrilun 2019 ba. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2020, daga hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat fiye da 400,000, ya ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya na ɗumamar duniya na rage wa koguna wajen kwana 6 na ƙanƙara. A wasu kogunan kudu matsalar za ta ragu, gaskiya ne. Amma ka tuna inda na ce fitinar take. Hunturu mai ɗumi yana jinkirta rufewar kogi, wato ƙarin darare na garin ƙanƙara a bakin bututu. Yana kuma kawo ruwan sama a Janairu, murfi ya ɓalle a tsakiyar hunturu, ya yi cunkoso, sanyi ya dawo ya daskarar da shi a wurin, ya zama katanga mai kauri da ke jiran ɓallewar ƙarshe. Kogunan da rajistarsu ba ta san wannan ba sun fara ganinsa, lissafin da aka gina a kan rajistar kuma ya tashi daga aiki.

Masu hanyar kan ƙanƙara su ne suka fara biyan kuɗin. A garin Dawson na yankin Yukon a Kanada, a hunturun 2016 zuwa 2017 da wanda ya biyo baya, kogin ya ƙi rufewa a inda aka saba tsallakawa, mazauna ƙetare suka rasa hanyar mota. A Fort Providence an maye gurbin jirgin fito da mashigin ƙanƙara na kogin Mackenzie da gadar Deh Cho a 2012, a kan kuɗi fiye da dalar Kanada miliyan 200. Ƙauyukan da ke jiran hunturu don a kawo musu man fetur da siminti da gari na shekara guda suna da yawa, kuma ba kowannensu ne za a gina wa irin wannan gada ba. Idan hanya ta rufe kafin kaya su gama shiga, ragowar a jirgin sama ake kai shi, a farashin da ya ninka sau da yawa.